Rabin Sa'ar Hajiya Falta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyar ga watan Yulin 2025, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Hajiya Falta Kallamu a wani asibiti da ke cikin birnin Kano. Ciwon sikila da ta yi ta fama da shi tun ƙuruciya ne ya tashi mata, wannan karon kuma ba ta miƙe ba. Ina gona labarin ya same ni, muna maimai a gero. Ƙaninta Abdurra'uf ne ya kira, ya yi sallama, ya ce, "Baba Sama'ilu, sai haƙuri, Yaya ta cika." Na ajiye fartanya na zauna a gindin ɗorawa. Ta bar mijinta Malam Naziru, da 'ya'ya biyu, Ikhlas da Fatihu, da mahaifinta Alhaji Kallamu, wanda iyayensa suka taso daga Barno suka zauna Kano tun kafin a haife shi. Ba ta cika shekara arba'in ba.

Falta, 'yata, 'yar aminina, na jinkirta wannan rubutu. Wani ɓangare gajiya ce, ba zan ɓoye ba, shekaru sun ja kuma hannu ya yi nauyi. Ɗaya ɓangaren kuma, akwai maganar da muka fara da ke ba mu ƙarasa ba, maganar rabin sa'a. Na so a yanke ta tukuna, don in na zauna rubutu in gaya miki yadda ta ƙare.

Wanda bai san yankinmu ba sai in yi masa bayani. Ƙauyukan da ke kewaye da Tsanyawa a manne suke da juna, gona na bin gona, kana jin kiran sallar maƙwabta daga tsakar gidanka. Amma ba kowane ke da hanyar mota ba. In naƙuda ta zo wa mace da gardama, sau da yawa asibitin yana nan, ma'aikatan suna nan, abin hawan da zai kai ta ne babu. Shi ya sa muka kafa wata 'yar ƙungiya ta sa-kai, mu tsofaffin ma'aikata da direbobin tasha, ni da na yi ritaya daga hedimasta aka ɗora mini shugabanci. Direbobi suka yarda za su riƙa ɗaukar masu naƙuda fisabilillahi. Abin da ya rage shi ne yadda mai gida zai sami direba a kan lokaci.

Nan kika shigo. Mahaifinki ya yi shekara da shekaru yana sayen gyaɗa a kasuwarmu, a zaurena yake sauka, tun kina 'yar mitsitsiya yake zuwa da ke. Kin girma kin karanta ilmin kwamfuta, kina aikinki a birni, ba abin da ya haɗa ki da wahalarmu. Da kika ji labari a bakinsa, da kanki kika hawo bas kika zo. Kika haɗa mana na'ura a can Kano: mai gida ya kira lamba ɗaya, kyauta, na'urar ta tura saƙo ga direban da ya fi kusa, shi kuma ya danna ɗaya in ya karɓa, ya danna biyu in ba zai iya ba. In abu ya yi jinkiri, ƙararrawa ta kaɗa a wayoyin mutum uku, ni, da Malama Aina'u ungozomar asibitin garinmu, da Jamil shugaban direbobi. Mu kuma mu tashi mu nemo wata motar ko ta halin ƙaƙa. Ko sisi ba ki karɓa ba, shayin da muka ba ki ma sai da kika yi mini tsiya, wai Bafillatani marar saniya ya rasa ko madarar da zai zuba wa baƙuwa.

Duk aikin a kan tambaya ɗaya ya rataya, kuma ita ce ta cinye mana shekarun nan: yaushe jinkiri ya kai a tashi mutane a kansa?

Da farko kin sa ƙararrawar ta kaɗa in an yi minti goma ba direban da ya karɓa. Muka shekara guda cur da ƙyar ta kaɗa. Mu dai murna muke, ni har ina bugun ƙirji a taro ina cewa direbobinmu sun fi na ko'ina saurin amsawa. Ke ce kawai ba ki yi murna ba. Kin sha gaya mini cewa shirun nan ba ya kwantar miki da hankali, don ba ki san ko lafiya ce ta kawo shi ba, ko kuwa na'urar ce ba ta jin abin da ya kamata ta ji. Na ɗauka irin zargin 'yan boko ne, na ce miki ki gode wa Allah ki huta.

Sai ga abin da ya sami Halimatu Sadiya, wata baiwar Allah daga wata unguwa ta ƙetaren rafi. Da hantsi mijinta ya kira. Saƙo ya je wa wani direbanmu, Muhammadu Sani, mutumin kirki wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba, nan take ya danna ya karɓa. Ashe yana wata kasuwa mai nisa, motar cike da fasinja da buhuna. Mutanen gidan suka zauna jiran motar da aka ce tana tafe. Da rana ta take suka haƙura suka ɗora ta a amalanke. A hanya ta haihu, ɗan bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar aka ceto ta. Ƙararrawa ba ta ce uffan ba. A wajen na'urar, wannan kiran yana cikin waɗanda aka fi saurin amsawa a watan.

Washegari kika iso, idonki jawur. Mutane sun yi ca a kan Muhammadu Sani, Jamil har ya ce a cire shi daga ƙungiya. Ke kuwa kika sa aka shimfiɗa tabarma a zaurena, kika zaunar da shi, kika tambaye shi a hankali me ya hana shi danna biyu tunda ya san ba ya kusa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, mutumin nan sahu ɗaya muke salla. Matarsa na kan gwiwa, da wane ido zan ce masa a'a? Na ce zan sauke mutane in juyo da sauri."

Ba ki yi masa faɗa ba. Kika juyo gare mu kika ce laifin na awonki ne. Kin sa na'ura tana auna lokacin da mutum zai ce "to", alhali a nan garin ba wanda ke jinkirta "to". Kuma gaskiya kika faɗa. Mu mutane ne da za a roƙe mu abin da ba za mu iya ba, mu ce ga mu nan tafe, mu bar wa Allah sauran. Tun ina yaro haka na taras, haka nake yi, ban taɓa tsayawa na duba cewa wannan ɗabi'ar tana iya cin rai ba sai ranar.

Kika canza awon. Daga ranar na'ura ta daina kula da amsar direba, ta koma jiran isar mota. In mota ta tsaya a ƙofar gida, mai gida ya yi wa lambar filashin, ya kira ya katse, abin da kowa ya iya kuma ba ya cin kati. In filashin bai zo ba, to mota ba ta zo ba. Daga nan kuma sabuwar rigima ta tashi, a kan tsawon jiran da za a yi kafin ƙararrawa ta kaɗa. Jamil ya ce sa'a guda, don shi ya san hanyoyin nan da tayarsa. Malama Aina'u ta ce kwata, wato minti sha biyar, don ita ta san abin da take gani in an kawo mata mace a makare. Muka yini muna ja-in-ja har abinci ya huce.

Ke kika raba gardamar, kuma har yau ina tuna hujjojinki. Kin ce kada a ruɗe mu da matsakaicin lissafi, don in mutum tara na bakin titi sun sami mota nan da nan, ta goma ta ƙetaren rafi ta yini tana jira, lissafi zai nuna komai daidai, ita kuwa ta goman ita ce dalilin kafa ƙungiyar. Sannan kika kawo abin da mu da muke zaune a nan muka sani amma ba mu lissafa ba. Matanmu ba sa faɗa da zarar ciwo ya fara. Mai cikin fari kunya take ji, ta yi ta cije leɓe a ɗaki. Surukarta ta ce a dakata a gani. A jiƙa wannan, a shafa wancan, a aika gona a kira mai gida. Kafin ya ɗaga waya ya kira mu, an riga an cinye rabin yini a jira. Saboda haka kiran da ya iso mana ba farkon matsala ba ne, kusan ƙarshenta ne. Kika yanke rabin sa'a. Ni na goyi bayanki, Jamil kuwa yana ta girgiza kai.

Wayyo, ban san abin da na sa hannu a kai ba. Ƙararrawar da ta shekara tana barci ta farka, ta kuma hana mu sakat. Ta kaɗa ina tsakiyar cin tuwo. Ta kaɗa ina wajen ɗaurin aure, liman ya ɗaga hannu za a shafa fatiha. Ta kaɗa a wajen tafsiri har malam ya dakata ya kalle ni. Abin da ya fi ci mini rai, sau da yawa in na kira sai in taras mota ta daɗe da isa, har an kai asibiti, mai gida ne ruɗewa ta sa ya manta da filashin. Malama Aina'u ta fara rufe wa wayarta murya in ta shiga ɗakin haihuwa, kuma ba wanda zai ga laifinta. Jamil ya jefa tasa a aljihun mota. Sai ya zama ni kaɗai nake zabura, tsoho da hawan jini.

Wata rana raina ya ɓaci, na hau bas na same ki har gida a Kano. Na faɗa miki maganganu masu zafi, na ce ke kina zaune ƙarƙashin fanka kin ɗaura mana ƙararrawa a wuya kamar jakunan kasuwa. Kina kwance a lokacin, ƙafafunki na ciwo, Malam Naziru yana ta yi mini ido in sassauta. Kika tashi zaune, kika bar ni na gama. Sannan kika ce ina da gaskiya, kuma abin da kika fi tsoro ke nan, don ƙararrawar da ke yawan kaɗawa a banza wata rana za ta kaɗa a kan gaskiya a ƙi tashi. Amma kika ce ba za ki ƙara ko minti ɗaya ba. Sai dai ki nemo abin da ke sa ta kaɗawa ki rage shi. Na ce miki Babarbariya mai taurin kai, kika yi dariya kika sa aka kawo mini fura.

Kuma kin nemo. Kin sa na'ura ta riƙa tambayar mai gida da kanta ko mota ta iso, kafin ta tashe mu, wannan ya kashe yawancin na mantuwa. Amma dabarar da ta fi burge ni ita ce ta lamba biyu. Da, in direba ya danna biyu, abin da ke rubuce shi ne "ba zan iya ba". Kika goge shi kika rubuta "a tura wa ɗan'uwana". Aiki ɗaya suke yi, saƙo ya wuce ga direba na gaba. Amma wanda ba zai iya cewa a'a ba zai iya tura wa ɗan'uwansa ba tare da ya ji ya kunyata ba. Cikin 'yan makonni direbobi suka saki jiki suna dannawa, motar da ke kusa da gaske ita ke zuwa, ƙararrawa ta ragu ƙwarai. Muhammadu Sani ya ce mini da tun farko haka aka rubuta, da bai ɗauki abin da yake ɗauke da shi a zuciya ba.

Bayan haka kika karɓi Juma'a da Asabar. Kin ce kwana biyun nan a kashe tawa wayar, ki riƙe daga Kano, in je masallaci da natsuwa in ga jikokina. Daga baya ne Malam Naziru ya gaya mini cewa akwai ranakun da kina gadon asibiti, ana ƙara miki ruwa a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan waya kina neman direba a ƙauyen da ba ki taɓa takawa ba. Ba ki taɓa faɗa mini ba. In na tambaye ki jiki sai ki ce da sauƙi, ki juya maganar zuwa hawan jinina, ko na sha magani, ko matata Inna Tahira ta rage mini gishiri a miya. Duk zuwan da za ki yi sai kin riƙo mata turaren wuta irin na mutanenku, ki shige cikin gida ki zauna a tabarma ki ci dambu da hannu tare da matan unguwa. Da yawansu ba su san ke ce mai na'urar ba, 'yar Alhaji mai gyaɗa suka sani.

Bana damina ta sauka da ƙarfi. Rafi ya cika, hanyoyi suka kwaɓe, motar da ke isa cikin ɗan lokaci ta koma sai ta zagaya. Ƙararrawa ta dawo da kaɗawa kamar da. Kwamiti ya kawo shawarar a mayar da ita sa'a guda har zuwa kaka, tunda kowa ya san dalilin jinkirin, kuma ko an tashe mu ba mu da abin da za mu yi wa taɓo. Ba mugunta ce ta sa su faɗa ba. Mutane ne da ke da gonaki da iyali, shekaru suna wannan aiki ba ko na goro, sun gaji, ni ma na gaji. Na kira ki na gaya miki, ban san jikin ya yi tsanani haka ba. Muryarki a can ƙasa kika ce, "Baba, ruwan sama yana tsawaita hanya, amma ba ya ƙara wa mace jini. Lokacin da mota ta fi makara shi ne lokacin da ya kamata ku fi saurin ji." Kika ce a jira ki, za ki zo taron da kanki, kina da shawarar a ajiye mota ɗaya a ƙetare har ruwa ya ja. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

An yi taron bayan sadakar bakwai, a zaurena. Abdurra'uf ya zo, shi ke riƙe da na'urar yanzu, ya ce shi ba zai sa baki ba, abin da muka yanke shi zai sa. Na miƙe na faɗi maganarki yadda kika faɗe ta, ban rage ba. Wasu suka share ido. Maganar ajiye mota a ƙetare ta mutu nan take, don ba direban da zai bar tasha wata biyu iyalinsa su ci me. Sai Jamil ya yi tambaya, cikin ladabi, ba da gatse ba. Ya ce, "Baba, mun ji. To Juma'a da Asabar wa zai riƙe?"

Na duba Malama Aina'u, ita kaɗai ce a ɗakin haihuwa tun da aka yi wa abokiyar aikinta canjin wuri. Na duba kaina, likita ya riga ya gargaɗe ni, Inna Tahira kuma ta ce in ina so in bi ki to in ci gaba. Na buɗe baki in ce ni zan riƙe, maganar ta ƙi fita. Aka ɗaga hannu. Sa'a guda ta yi rinjaye, har zuwa kaka, sannan a sake zama. Abdurra'uf ya buɗe kwamfutarki a gabanmu ya canza. Ko minti biyu abin bai ɗauka ba.

To haka ta ƙare, Falta. Yanzu waya ta yi shiru, ina cin tuwona har in siɗe hannu ba abin da ya katse ni, kuma wallahi ban ji daɗin ko loma ɗaya ba. Kwana biyu bayan taron na ɗauki hayar mota na ƙetare rafi da kaina, na ɗauko autata Safiyatu da ke aure a can, tana ɗauke da cikin fari. Na ce goyon ciki za ta zo yi gida kamar yadda aka saba. Surukarta ta yi mamaki, ta ce, "Malam, ai da sauran lokaci, me ya kawo gaggawa?" Na ce mata uwarta ce ta matsa. A hanyarmu ta dawowa mun wuce mata biyu a bakin rijiya, kowace da tsohon ciki, suka durƙusa suka gaishe ni. Ni na ɗauke tawa. Su ba su da uba a bakin titi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Kallamu, aminina na shekaru, wanda ya binne 'yar da ya so ta binne shi. Allah Ya ba ka dangana, Alhaji. Ina yi wa Malam Naziru ta'aziyya, mutumin da ya yi jinya bai taɓa ƙosawa ba, ya kuma bar matarsa ta raba sauran ƙarfinta da mutanen da ba su san sunanta ba. Ikhlas da Fatihu, Allah Ya raya ku, Ya albarkace ku, in kun girma ku zo Tsanyawa, akwai sa'o'inku da yawa a ƙauyukan nan da suke raye saboda mahaifiyarku. Abdurra'uf da sauran 'yan'uwa, da direbobinmu, da Malama Aina'u, Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Falta. Ka sa ciwon da ta sha tun tana ƙarama ya zama kaffara, Ka yalwata mata kabarinta Ka haskaka shi, Ka karɓi aikin da ta yi a ɓoye da wanda ta yi a sarari, Ka sada ta da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu da muka rage Ka yafe mana gazawarmu, Ka kyautata namu ƙarshen. Ya Allah, Ka sauki matan ƙetaren rafi lafiya, Ka sa wannan daminar ta wuce ba tare da gaskiyar Falta ta tabbata a kan ko mace ɗaya ba. Amin.